Yadda Ake Karanta Lambobi da Haruffan Jikin Mota Kafin a Biya Kuɗi

In ka shiga wurin masu sayar da motoci a Maraɗi, ko ka tsaya bakin titin da ya nufi Ɗan Isa kana kallon masu wucewa, kusan kowace mota za ka ga rubutu a bayanta: 406 HDi, C200, RX 350, Corolla LE, Hilux D-4D. Yawancinmu sunan kaɗai muke riƙewa, sauran mu ɗauke shi ado. Alhali a cikin ƴan haruffan nan kamfani ya faɗi irin man da motar take sha, girman injinta, da darajar kayan da ke cikinta. Wanda ya iya karanta su ba ya biyan kuɗin babbar mota a ba shi ƙarama, kuma ba ya aika yaro Katsina ko Kano sayen kayan gyara a dawo masa da wanda bai shiga ba. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: raba rubutun gida uku

Tsaya bayan motar ka karanta duk abin da ke jiki, hagu da dama, har da wanda ke gefen ƙofar gaba. Galibi abu uku ne. Akwai sunan zuriyar motar, kamar Corolla, Golf, 406 ko harafin C na Mercedes. Akwai abin da ya shafi inji, kamar 1.8, 16V, V6, TDI. Sai haruffan daraja, irin su LE, GL, VX. Rubuta su a takarda ko ka ɗauki hoto da waya, don a ƙarshe za ka gwada su da abin da ke jikin ƙarfe.

Mataki na biyu: fetur ce ko gazuwal?

Wannan shi ne ya fi sauƙi, kuma shi ya fi taɓa aljihu. Kusan duk inda ka ga harafin D a cikin lambar inji, motar gazuwal ce. Peugeot da Citroën suna rubuta HDi, Toyota D-4D, Volkswagen da Audi TDI, Mercedes CDI, Renault da Nissan dCi, Hyundai da Kia CRDi, Ford TDCi, Opel CDTI. BMW ƙaramin d kawai take sakawa a ƙarshe, kamar 320d. Na fetur kuwa su ne VVT-i na Toyota, TSI da FSI na Volkswagen, TFSI na Audi, da ƙaramin i na BMW. Ka kula da ɗaya: GDI na Mitsubishi da Hyundai yana da D, amma fetur ne.

Akwai wasu haruffa da nake so mai saye a nan ya tsaya a kansu. In ka ga FAP ko BlueHDi a Peugeot, ko BlueTEC a Mercedes, motar tana da na'urorin tace hayaƙi da aka yi don dokokin Turai. BlueHDi da BlueTEC galibi suna shan wani ruwa na daban da ake kira AdBlue, wanda in ya ƙare motar na iya ƙin tashi. Matatar hayaƙin kuma tana toshewa in motar ba ta yin doguwar tafiya. Mai zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Yamai ko Damagaram zai iya zama da ita. Wanda iyakarsa daga unguwar Zariya zuwa babbar kasuwar Maraɗi ya dawo, ina ganin gara ya nemi ta fetur.

Kada kuma a haɗa 16V da V6. In V ta zo bayan lamba, bawul ake nufi, wato inji mai silinda huɗu da bawul 16. In V ta zo gaba, silinda ake ƙirgawa: V6 shida, V8 takwas. Peugeot 406 tana da 1.8 16V, tana da 3.0 V6, kuma tsakanin shan mansu akwai nisa sosai.

Mataki na uku: lambar, kowane kamfani da tsarinsa

In lambar tana da ɗigo a tsakiya, kamar 1.6 ko 2.4, girman inji ne da lita, ba wata jayayya. Inda ake ruɗewa shi ne lambobi uku ko huɗu da ke manne da suna.

Mu fara da Peugeot, tunda da ita iyayenmu suka san hanya. Tun daga 201 ta shekarar 1929 kamfanin yake amfani da lamba uku da sifiri a tsakiya. Ta farko girman mota ce: 2 ƙarama, 3 ta fi ta kaɗan, 4 matsakaiciya, 5 da 6 manya. Ta ƙarshe zubi ne, wato ƙarni na nawa. Shi ya sa bayan 404 ta 1960 aka sami 405 a 1987, 406 a 1995, 407 a 2004. Ita 504 da ta fito a 1968, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, 505 ce ta gaje ta a 1979. Babu abin da lambar take faɗi game da inji, 406 ba lita huɗu ba ce. Masu sifiri biyu, kamar 3008 da 5008, su ne masu tudu da faɗin ciki. Kuma Peugeot 2008 suna ne, ba shekarar ƙira ba. Daga 2012 kamfanin ya tsayar da lambar ƙarshe a kan 8, saboda haka 308 tsohuwa da 308 sabuwa suna ɗaya gare su, sai ka nemi shekara a wani wurin.

Mercedes kashi biyu ce. Kafin 1993 lamba ce ke gaba, harafi a baya: 230E, 300D. Lambar girman inji ce, 230 lita 2.3, E na nufin inji mai injekta, D kuma gazuwal. Daga 1993 aka juya, harafi ya dawo gaba yana nuna ajin motar: C ƙarama, E matsakaiciya, S babba. Lambar ta ci gaba da nuna inji, C180 lita 1.8, E320 lita 3.2. To amma daga wajen shekarar 2000 lissafin ya fara kaucewa. C200 Kompressor da aka ƙera daga 2002 injinta 1.8 ne, daidai da na C180 Kompressor, ƙarfi kawai aka ƙara mata. C240 ta wannan zubin lita 2.6 ce. C200 CDI da C220 CDI girman injinsu ɗaya. C300 ta wajen 2008 V6 ce mai lita 3.0, amma C300 ta 2015 silinda huɗu ce, lita 2.0 da turbo. Suna ɗaya, inji biyu da ba su haɗa komai ba. Sannan a 2015 aka sake wa masu tudun suna, ML ta koma GLE, GLK ta koma GLC.

BMW tana bin kusan wannan hanyar: a 320i, 3 aji ne, 20 lita 2.0, i fetur. L a 740Li doguwar shasi ce. Ita ma ta kauce, 328i ta 2012 lita 2.0 ce da turbo. Audi kuwa daga 2017 ta fara rubuta 35, 40, 45 kafin TFSI ko TDI, kuma waɗannan matakan ƙarfi ne kawai, ba lita ba.

Lexus ta daɗe tana faɗin gaskiya tsantsa. RX 300 lita 3.0, RX 330 lita 3.3, RX 350 lita 3.5, GX 470 lita 4.7, LX 570 lita 5.7. In ka ga ƙaramin h a ƙarshe, motar tana haɗa fetur da lantarki, kuma lambar ta fi injin girma: RX 400h lita 3.3 ce, RX 450h lita 3.5. Mai son irin wannan ya tuna da babban batirin da ke cikinta, ya tuna da zafin watan Afrilu da Mayu a Maraɗi, ya tambayi shekarun batirin kafin ya tambayi farashi.

Ƙa'idar da zan ba ka a kan Mercedes, BMW da Lexus ita ce: motar da ta girmi shekarar 2000, lambarta galibi tana daidai da injinta. Wadda ta biyo baya, ɗauki lambar a matsayin matakin ƙarfi har sai ka tabbatar.

A Land Cruiser lambar zubi ce: 80 ta fito a 1990, 100 a 1998, 200 a 2007, 300 a 2021. Prado kuma 90, 120, 150. Mun saba kiran babbar da V8, amma ƴar 300 ba ta da V8 ko ɗaya, duk V6 ne.

Mataki na huɗu: manyan motoci

Maraɗi garin fatauci ne, kuma a nan ne kuskuren karatu ya fi tsada. A manyan motocin Mercedes lambar kashi biyu ce. Na farko nauyi da tan, na biyu ƙarfin doki in ka ƙara sifiri. Tsohuwar 911 tan 9 ce da doki kimanin 110, 1113 tan 11 da doki 130. Actros 1844 tan 18 da doki kimanin 440, 3340 tan 33 da doki 400. MAN ita ma haka, sai dai tana raba su da ɗigo ta rubuta dokin cikakke: 18.440. A DAF XF 105.460, 105 sunan zubi ne, 460 doki. A Volvo FH12 420, 12 litar inji ce, 420 doki. HOWO 371 doki 371.

Abin lura, tan ɗin nan ba nauyin kayan da za ka loda ba ne. Jimillar nauyin da aka yarda motar ta kai ne, ita kanta da kayanta. In kan tirela ne, lambar ta kan ce kaɗai, ba ta haɗa da bodin da yake ja ba. Wanda ya sayi tifa mai lamba 26 yana lissafin tan 26 na yashi ko siminti, zai karya sufirin ya kuma gamu da ma'aunin hanya. Sai 4x2, 6x4, 6x6: lambar farko ƙafafun mota, tagwayen taya ana ƙirga su ɗaya, ta biyu ƙafafun da inji ke juyawa. Mai ɗauko wake da gero daga kasuwannin ƙauye da damina, 6x4 ce tasa. 4x2 ta kwalta ce.

Mataki na biyar: taya nawa ke ja?

4WD, AWD, 4MATIC na Mercedes, xDrive na BMW, quattro na Audi, 4Motion na Volkswagen, duk suna nufin tayoyi huɗu na ja. Amma tudun mota ba shaida ba ne. RAV4, Highlander, CR-V da RX da yawa da ake kawowa daga Amurka tayoyin gaba kaɗai ke ja, duk da lambar 4 da ke cikin sunan RAV4. Durƙusa ka leƙa ƙarƙashi. In akwai farfela da ta taso daga giya zuwa tayoyin baya, kuma akwai sanduna da suka shiga tayoyin gaba da na baya, to huɗu ke ja. In bayan fayau yake, biyu ne. Sannan AWD na ƙananan nan ba ɗaya ba ne da 4WD mai ƙaramar giya ta L4 da ke Hilux da Land Cruiser. Wanda zai riƙa shiga rairayin arewacin Dakwaro ko ƙauyukan Mayahi, mai L4 yake bukata.

Mataki na shida: haruffan daraja

Nan ba sai an daɗe ba. Toyota ta Amurka tana hawa daga CE zuwa LE zuwa XLE, S da SE kuma masu kwalliyar samari ne. Honda daga DX, LX, EX zuwa EX-L mai kujerun fata. Land Cruiser daga GX zuwa VX, na Dubai suna ƙara R, GXR da VXR. Prado TX, TXL, VX. Waɗannan kujeru ne, da gilashi mai lantarki, da rufi mai buɗewa, da rediyo. Ba su tabbatar da inji: Camry LE tana iya zama mai silinda huɗu, tana iya zama V6.

Mataki na bakwai: buɗe kapo ka nemi farantin ƙarfe

Duk abin da muka karanta zuwa yanzu da gam aka manna shi. Ana sayar da haruffan a shagunan kayan mota, kuma mota in ta yi hatsari aka sake mata murfin baya, sai ta zo da sunan wata. Ba kullum ha'inci ba ne, wani dillalin shi ma haka ya saye ta. Mai sayen buhun wake ba ya tsayawa ga rubutun buhu, sai ya soka ya ga ƙwaya. Ƙwayar mota tana kan farantin da kamfani ya kafa da ƙusa, a bangon da ke bayan inji ko a ginshiƙin ƙofar gaba.

Tunda Toyota ce ta fi yawa a titunanmu, bari in zauna a kanta. A farantin akwai layin MODEL, za ka ga abu kamar HZJ79L. Karanta shi daga baya. L na nufin sitiyari a hagu, irin wanda ya dace da hanyoyinmu. In R ce, an ƙera ta da sitiyari a dama, kuma in ka tarar da shi a hagu to juya shi aka yi, sai ka sa makanike ya duba aikin da kyau. Lamba 79 siffar jiki ce, a-kori-kura. 78 doguwa ce rufaffiya, irin wadda ake yin motar asibiti da ita, 76 mai ƙofa biyar. Harafin da ke gab da lamba zuriya ce: J Land Cruiser, N Hilux, E Corolla, V Camry, H Hiace. Haruffan farko kuma inji ne. HZ shi ne 1HZ, gazuwal mai silinda shida, lita 4.2, ba turbo, wanda kowane gareji ya san shi. GRJ79 jiki ɗaya ne amma fetur V6 lita 4.0. VDJ79 gazuwal V8 lita 4.5. Daga nesa ukun kamarsu ɗaya, a wurin shan mai da gyara kowace da halinta.

Hilux ma haka. LAN25 tana da injin 5L-E lita 3.0 mai sauƙin sha'ani. KUN25 tana da 2KD lita 2.5, KUN26 tana da 1KD lita 3.0, GUN125 tana da 2GD lita 2.4. In ka ga KUN15 ko LAN15, tayoyin baya kaɗai ke ja. A Corolla, EE100 lita 1.3 ce, AE101 lita 1.6, CE100 gazuwal. A wani zubin da ya zo daga baya, ZZE120 lita 1.4, ZZE121 lita 1.6, ZZE130 ta Amurka lita 1.8. A Camry, ACV30 silinda huɗu ce lita 2.4, MCV30 kuma V6.

Ƙarƙashin MODEL akwai layin ENGINE, misali 1ZZ-FE ko 2KD-FTV. Abin da ke gaban layin tsakiya sunan inji ne. A bayansa, E injekta mai kwamfuta, T turbo, V gazuwal irin na D-4D. Sa makanike ya nemo wannan sunan a jikin injin kansa, inda aka buga shi. In farantin ya ce 1ZZ, jikin inji ya ce 3ZZ, an sauya inji. Sauyin inji ba laifi ba ne in an faɗa maka, amma dole farashi ya bi shi.

Mataki na takwas: lambar shasi

Lamba ce mai gurbi 17, haruffa da alƙaluma a gauraye, kuma babu I, O ko Q a cikinta don kada a ruɗa su da 1 da 0. Za ka same ta a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, da ginshiƙin ƙofa. A Hilux da Land Cruiser an buga ta a jikin shasi, galibi ta gefen dama, wajen tayar gaba ko ta baya, sai an goge ƙura da tsumma.

Farkonta yana faɗin ƙasar da aka ƙera motar. J Japan, W Jamus, VF Faransa, K Koriya, L Sin, 1, 4 da 5 Amurka, 2 Kanada. Toyota mai farawa da SB1 ƴar Ingila ce, AHT Afirka ta Kudu, MR0 Tailan. Wannan yana da amfani, domin Corolla ta Amurka da ta Turai ko shekararsu ɗaya fitilu da bamba da wasu kayan ƙafa ba sa shiga juna.

Ga motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shekara ce. Sa yatsa ka ƙirga daga hagu. Y 2000 ce, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A 2010, B 2011, C 2012, haka har H 2017, sai a tsallake I a tafi J 2018, K 2019, L 2020. In an ce maka Corolla LE ƴar 2008 ce ka ƙirga ka tarar da 5, ƴar 2005 ce. A ginshiƙin ƙofar waɗannan motocin akwai kuma takarda mai ɗauke da wata da shekarar ƙira. Kada ka dogara da wannan ƙirgen a kan Peugeot, ko Mercedes da Toyota na kasuwar Turai. A Mercedes ta Turai, lambobi uku da ke bin haruffan farko su ne zubin motar: 202, 203, 204 ga ajin C, 210, 211 ga ajin E. Da su ake sayen kayanta.

Mataki na tara: gwada da takardu

Yanzu karɓi kart giriz, wato takardar rajistar mota, da takardun duwan. Lambar shasin da ke takarda ta zama daidai da ta gilashi, da ta faranti, da ta jikin ƙarfe, gurbi bayan gurbi. In ɗaya ya saɓa, ko ka ga alamar walda ko sabon fenti a inda aka buga lambar, ka bar cinikin nan ko da an rage maka rabi. Duba irin man da aka rubuta. Dokin da ke kart giriz, wanda ake rubutawa CV, na lissafin haraji da inshora ne, ba shi ne ƙarfin inji na gaske ba, saboda haka kada ka yi mamakin ganin ƙaramar lamba a motar da aka ce tana da doki sama da ɗari.

In ka sami saɓani mai sauƙi, kamar harafin daraja ko shekara, ba sai an ɗaga murya ba. Ka ce, "Alhaji, bayanta ya ce XLE, amma kujerun yadi ne, kuma shasi ya nuna 2005. A duba mini farashin." Dillalin kirki zai duba tare da kai, in ya ga haka ne a sake lissafi.

Bayan an gama ciniki, ɗauki hoton farantin da lambar shasi ka ajiye a waya, ka tura wa makanikenka. Duk ranar da za a sayi fiston, filta, buji ko famfon ruwa, a nan cikin gari ne ko an aika Kano, Kwatano ko Lome, kada ka ce "na Hilux" ko "na Corolla". Tura hoton, ka ce na KUN25 mai 2KD, ko na ZZE121 mai 3ZZ, kuma a gwada sabon da tsohon da aka cire kafin a biya.